Mai Maganin Gargajiya a Jinyar Ƙwaƙwalwa da Shaye-shaye: Wane Matsayi Ya Dace Asibiti Ya Ba Shi?

Ma'aikatan sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ko a Dawanau ne ko Barnawa ko Kware, sun san cewa ba kasafai ake fara kawo mara lafiya asibiti ba. Kafin ya iso an sha rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi, wataƙila ma an yi wata guda a gidan wani mai magani a ƙauye, kuma ranar da za a sallame shi akwai ƙullin gari da ke jiransa a gida. Idan aka yi kwana goma ba a ga sauƙi ba, sai wani dattijo daga cikin dangi ya ja likita gefe ya ce, "Likita, wannan ba ciwon asibiti ba ne, a ba mu shi mu koma gida." Saboda haka shugaban asibiti, ko kwamitin lafiya na ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar da ke shirin buɗe cibiyar gyaran masu shaye-shaye, ba su da ikon cire mai maganin gargajiya daga wannan sha'ani, domin tun kafin su zo yana ciki. Abin da ya rage musu shi ne su yanke irin matsayin da za su ba shi.

Hanyoyi huɗu aka fi gwadawa a duniya. Ana iya ɗaukar mai maganin aiki a cikin asibiti, kamar yadda ake yi wa 'yan asalin ƙasa a Kanada da Amurka, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a can; ana iya kafa ƙauyen jinya a gefen asibiti, kamar yadda aka yi a Aro ta Abeokuta da kuma Sanagal; ana iya barin mai maganin a gidansa ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa wurinsa, kamar yadda aka gwada a Ibadan da Kumasi ta Gana; ana kuma iya barin kowa a inda yake, a tsaya a kan tura marasa lafiya kawai.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin kafawa kaɗai ba, har da sanin aljihun da za su riƙa fitowa duk wata: na gwamnati, ko na iyali, ko na mai ba da tallafi daga waje. Na biyu shi ne ɗorewa, wato ko tsarin zai rayu bayan wanda ya kafa shi ya yi ritaya ko tallafin ya ƙare. Na uku shi ne sauƙin kafawa, wanda a wannan fage ake aunawa da yawan mutanen da sai sun yarda kafin a fara.

Na huɗu shi ne haɗari, kuma iri uku ne. Akwai haɗarin jinkiri, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa da faɗuwar sukari a jini duk suna iya sa mutum sambatu da fizge-fizge har a ce iska ce, alhali kowace sa'a da aka ɓata tana iya zama ajali. Akwai haɗarin karon magunguna, idan mara lafiya yana shan ƙwayar asibiti da jiƙon gida a lokaci guda ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Sai kuma haɗarin cin zarafi: mari, turu, bulala da horon yunwa.

Na ƙara ma'auni na biyar, wanda a ganina shi ne ke raba gardama: wa zai tsaya wa mai maganin ya ce ya san shi ya san inda ya koya, kuma wa ke da ikon cewa a kwance mara lafiya a kwance shi nan take? A wurinmu wannan tambaya tana da nauyi, domin "mai maganin gargajiya" ba mutum ɗaya ba ne. Akwai mai saiwa da sassaƙe, akwai malamin zaure mai rubutu da laya, akwai malamin ruƙiyya, akwai 'yan bori masu girka, kuma da yawansu ba sa yarda a haɗa su a layi ɗaya.

Hanya ta farko: a ɗauke shi aiki a cikin asibiti

Misalin da ya fi fitowa fili na Kanada ne. Asibitin CAMH da ke Toronto, wanda shi ne mafi girman asibitin koyarwa na lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye a ƙasar, ya buɗe sashen kula da 'yan asalin ƙasa a shekarar 2000, sannan a 2016 ya keɓe fili a cikin harabarsa inda aka kafa bukkar sirace da wurin hura wutar ibada da lambun tsirran magani. Bukkar gajera ce kamar ƙwarya a kife, ana lulluɓe ta ruf, a shigo da duwatsun da aka gasa a wuta ana zuba musu ruwa, mutane suna zaune cikin duhu da tururi suna addu'a da waƙa a ƙarƙashin jagorancin dattijon da ya gaji aikin. Bahaushe ya san sirace a matsayin maganin zazzaɓi da mura, amma a wurin waɗannan al'ummomi ibada ce da tsarkake zuciya. Banda ita akwai turara jiki da hayaƙin wasu ganyaye da suke girmamawa, da zaman da'ira inda kowa ke faɗin damuwarsa, da ganawa da dattijo a keɓe. Duk wannan yana tafiya ne tare da maganin likita, kuma sai wanda ya nema ake kai wa.

Ba za a fahimci wannan tsari ba sai an san abin da ya haife shi. Yara kimanin 150,000 na 'yan asalin Kanada aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da majami'u suka gudanar, inda aka hana su yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Har zuwa 1951 doka ta haramta wasu manyan bukukuwan ibadarsu. Da Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda ta binciki makarantun nan, ta kammala aikinta a 2015 ta fitar da buƙatu 94, kuma ta 22 ta nemi a amince da hanyoyin warkarwa na 'yan asalin ƙasa, a riƙa aiki da dattawansu da masu maganinsu idan majinyaci ya buƙata. A Amurka ma asibitin Cinle da ke ƙasar Nabaho a jihar Arizona yana da ɗakin gargajiya na ibada da masu magani da ke aiki a ciki, kuma a watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta amince inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi ta riƙa biyan kuɗin jinyar gargajiya a cibiyoyin 'yan asalin ƙasa na jihohi huɗu: Arizona, Kalifoniya, Niyu Meziko da Oregon.

Ta fuskar kuɗi wannan ita ce hanya mafi tsada, domin akwai albashi da fili da horo da inshora, amma kusan babu abin da ke faɗawa kan iyali. Ta fuskar ɗorewa tana da ƙarfi matuƙar ta shiga kasafin kuɗi da doka. A lardin Ontariyo, alal misali, dokar 1991 da ke tsara sana'o'in lafiya ta keɓe masu maganin 'yan asalin ƙasa da ke yi wa mutanensu aiki, ba ta ɗora musu sharuɗɗan lasisin likitoci ba. Haɗarin cin zarafi kuwa a nan ya fi ƙanƙanta, tunda mara lafiya yana kan gadon asibiti kuma katinsa ɗaya ne. Haɗarin da ya rage na jiki ne: zafin bukkar sirace yana ƙarar da ruwan jiki, wanda hakan ke da illa ga mai shan maganin ƙwaƙwalwa na litiyam, kuma wasu magungunan taɓin hankali suna rage wa jiki iya jure zafi, don haka ake duba lafiyar mutum kafin ya shiga. A 2009 mutum uku sun mutu a wata bukkar sirace kusa da Sedona a Arizona, wadda wani mai sayar da darussan cin nasara a rayuwa ya shirya, mutumin da babu wata al'ummar 'yan asalin ƙasa da ta ba shi izini, kuma daga baya kotu ta ɗaure shi. Wannan ya nuna amfanin ma'auni na biyar: a can al'umma ce da majalisar dattawanta ke cewa wane namu ne, wane kuwa ɗan kasuwa ne.

Sauƙin kafawa ne matsalar, musamman ga mai son kwaikwayo daga nan. A Kanada asibiti ne ke mayar wa majinyaci mai maganin da aka raba shi da shi, shi ya sa komawa ga al'ada ita kanta take zama magani ga wanda baƙin cikin rabuwa da asali ya jefa shi shan giya. A ƙasar Hausa babu wanda aka raba da malaminsa. Asibiti ne baƙon. Sannan idan asibitin gwamnati ya ce zai ɗauki mutum ɗaya, wa zai ɗauka? Malamin ruƙiyyar da ke ganin laya bidi'a ce, ko malamin zauren da ke rubuta ta? Sarkin bori kuwa ko a ambace shi ma wasu ba za su zauna a taron ba, ga kuma majinyata Kirista da su ma suke da haƙƙi a kan asibitin. Abin da zai yiwu cikin sauƙi shi ne ƙaramin samfurinsa, wato limami da fasto da aka tantance, masu zuwa ɗakin jinya a ranakun da aka tsara, suna yin addu'a da nasiha ba tare da ba da abin sha ba.

Hanya ta biyu: ƙauyen jinya a gefen asibiti

Wannan tamu ce ta Najeriya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa na zamani, ya shawo kan mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta su riƙa saukar da marasa lafiya a gidajensu. Kowane majinyaci yana zuwa da ɗan'uwa, galibi uwa ko 'yar'uwa, mai yi masa girki da wanki. Da safe a je asibiti a karɓi magani, daga baya a koma ƙauye a kwana cikin mutane. Masu gidajen suna karɓar kuɗin haya, wasunsu sun sami aiki a asibitin, ƙauyukan kuma sun sami ruwan famfo. Lambo ya jawo masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin, suna fassara mafarkai da yin al'adun da majinyata suka yarda da su, a lokacin da yawancin likitocin Turawa ke kallonsu a matsayin 'yan damfara. (Ba duka aikinsu ne tsafi ba: suna da wata saiwa ta dangin itacen da aka ciro resafin, wani maganin hawan jini da taɓin hankali, daga cikinsa a 1952, kuma da ita suke kwantar da mai fizge-fizge tun kafin ƙwayoyin asibiti su zo.) Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

A Dakar, babban birnin Sanagal, likitan Faransa Henri Collomb, wanda ya jagoranci sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann daga 1959 zuwa 1978, ya bi irin wannan turba. Ya sa ɗan'uwa ya riƙa kwana da majinyaci, ya kafa zaman tattaunawa irin na dandalin ƙauye inda marasa lafiya da dangi da ma'aikata ke zama tare, ya kuma yi hulɗa da masu bikin fitar da iskoki na ƙabilun Lebu da Wolof, wanda ya yi kama da girka. A 1974 aka buɗe ƙauyen jinya na Keniya kusa da garin Ziginchor a yankin Kasamans na kudancin Sanagal.

Kuɗin gini kaɗan ne idan aka kwatanta da gina ɗakunan kwanciya, sai dai nauyin yana komawa kan iyali, domin mace guda za ta bar gona ko sana'a ko 'ya'yanta na tsawon watanni, kuma ba a cika lissafa wannan asara ba idan ana yabon tsarin. Haɗarinsa matsakaici ne: likita yana kusa, idon jama'a yana kan kowa, amma mai yunƙurin kashe kansa ko mai kai hari ba zai zauna a gidan haya ba. Raunin tsarin shi ne ɗorewa. Duka biyun sun rataya ne a wuyan mutum ɗaya mai kwarjini, kuma sun yi sanyi bayan tafiyarsa. A Aro kuma birni ya cinye ƙauyukan, fili ya yi daraja, mai gida ya sami ɗan haya da ya fi majinyaci biya. Wanda ke son farfaɗo da wannan a yau sai ya nemi asibitin da har yanzu yake cikin karkara, da hakimi ko dagacin da zai tsaya da ƙafarsa.

Hanya ta uku: ya zauna a gidansa, ma'aikatan lafiya su je

Cikin huɗun nan wannan ce aka yi wa gwaji mafi tsauri, kuma a yankinmu aka yi shi. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun ɗauki majinyata 307 masu taɓin hankali mai tsanani da ke kwance a gidajen masu maganin gargajiya da na masu addu'a a Ibadan da Kumasi, aka raba wuraren gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rukuni ɗaya an haɗa mai maganin da ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa, wanda ke zuwa a kai a kai ya duba majinyaci, ya ba da ƙwayar asibiti, ya yi shawara da mai gidan kan yadda za a kwantar da mai tashin hankali ba tare da duka ko ɗauri ba. A ɗaya rukunin an bar jinya yadda aka saba, banda ɗan horon da aka ba masu gidajen. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda aka yi wa jinyar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi ƙwarai, kuma tsarin ya biya kuɗinsa.

Akwai wani ɓangare na sakamakon da ya cancanci a tsaya a kansa. Munanan ɗabi'u irin su mari da duka sun ragu daga kashi 57 cikin ɗari zuwa kashi 9 a rukunin haɗin gwiwa, amma a ɗaya rukunin ma sun ragu daga kashi 42 zuwa kashi 10. Fassarar da na fi gamsuwa da ita ita ce, sanin cewa wani daga waje zai shigo ya duba shi kansa yana kwance mari, ko da bai zo da ƙwaya ba. Wani gwaji da aka yi a wani sansanin addu'a a Gana, wanda aka buga a 2018, ya zo da darasin daga ɗaya gefen: an ba majinyata maganin asibiti, alamomin ciwonsu sun ragu cikin mako shida, amma kwanakin da suke yi a ɗaure ba su ragu yadda za a ce an ga bambanci ba. Ƙwaya tana kwantar da ciwo. Kwance sarƙa kuwa sai an sa shi a matsayin sharaɗi tun farko.

Kuɗin wannan hanya su ne na horo, da man babur, da magani, da ɗan alawus, kuma babu sabon gini. Ta fi biyun farko sauƙin kafawa a wurinmu saboda ba ta tilasta wa asibiti ya zaɓi malami ɗaya ya bar wani; duk mai gidan da ya karɓi sharuɗɗa ana iya aiki da shi, ba tare da asibiti ya sa hannu a kan aƙidarsa ba. Ta kuma dace da ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. Ɗorewarta ta dogara ne ga abu biyu masu saurin yankewa, wato maganin da ke ƙarewa a ƙaramin asibiti da ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki. Babban haɗarinta shi ne, da daddare makulli yana hannun mai gida, kuma zuwan ma'aikacin gwamnati yana iya zama tambarin da mugun gida zai riƙa nuna wa iyaye.

Hanya ta huɗu: kowa a inda yake, sai turawa

A nan ana tara masu magani a yi musu bita ta kwana ɗaya ko biyu kan alamomin da ya kamata su tura asibiti, a raba musu takardun turawa, a watse. Ita ce mafi arha da sauƙi, kuma ita ce mafi saurin mutuwa, domin hanya ce mai tafiya ɗaya: asibiti yana karɓa ba ya mayarwa, mai magani kuwa ba zai daɗe yana tura abincinsa wani gida ba. Haɗarin karon magunguna a nan ya fi yawa, tunda iyali suna haɗa biyun a ɓoye. Lambar NAFDAC da ke jikin wasu kwalaben gargajiya ma ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Shaye-shaye yana da hukuncinsa dabam

Binciken ƙasa da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye banda giya da taba a shekarar da ta gabace shi, kuma a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Iyayen da suka rasa yadda za su yi da ɗansu sun daɗe suna kai shi gidan mari, har zuwa watan Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, sannan aka rufe wasu irinsa a Daura da wasu garuruwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanar da sanya mata hannu a farkon 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi haƙƙoƙin majinyaci, sai dai doka ba ta zuwa gidan kowa da kanta.

Gwajin Ibadan da Kumasi a kan taɓin hankali aka yi shi, don haka kada a ɗauki sakamakonsa a ɗora wa shaye-shaye kai tsaye. Makonnin farko na daina sha aikin asibiti ne zalla. Wanda jikinsa ya saba da giya ko da ƙwayoyin barci irin su diyazafam da rafanol, idan aka yanke masa rana ɗaya yana iya faɗuwa da farfaɗiya ko ya ruɗe har ya mutu, kuma tiramadol ita ma tana jawo farfaɗiya. Wanda aka tsare wata uku ba ya shan kodin ko tiramadol kuma, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka, ranar da ya fito ya sha irin na da, abin yana iya tsayar masa da numfashi. Bayan wannan mataki ne aikin malami ko dattijo ke yin yawa, har ya fi na likita: sasanta yaro da mahaifinsa, raba shi da tsohuwar majalisa, sama masa maigidan sana'a, da ba shi hanyar tuba da ba ta zubar masa da mutunci ba. A Maleshiya an haɗa biyun wuri ɗaya tun 2010, inda aka fara ba masu shan hodar hiroyin maganin metadon, mai rage ƙishirwar hodar, a wani masallaci da ke Kwala Lamfa tare da sallah da nasiha.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin kafawa | Haɗari | Mai riƙe da makulli |
|---|---|---|---|---|---|
| Cikin asibiti | Masu yawa, kan gwamnati | Mai ƙarfi idan doka da kasafi sun riƙe ta | Da wuya | Kaɗan | Asibiti |
| Ƙauyen jinya | Gini kaɗan, nauyi kan iyali | Mai rauni | Sai a karkara | Matsakaici | Iyali da asibiti |
| Ziyarar gidan mai magani | Matsakaita | Gwargwadon samun magani da ma'aikaci | Da sauƙi | Matsakaici zuwa babba | Mai gida |
| Turawa kawai | Kaɗan ƙwarai | Mai rauni ƙwarai | Mafi sauƙi | Babba, a ɓoye | Mai gida |

Wace hanya ta dace da wa

Babban asibitin koyarwa ko na tarayya da ke birni, mai karɓar majinyata na kowane addini da ƙabila, ya fi dacewa da ƙaramin samfurin hanya ta farko: masu addu'a da aka tantance, babu jiƙo, babu taɓa majinyaci, kuma a rubuta ziyararsu a kati. Ya kamata kuma a mayar da tambayar "me ake ba shi a gida?" ta zama cikin tambayoyin da nas ke yi wa kowa ba tare da faɗa ba, domin iyalin da aka yi wa tsawa sau ɗaya ba za su sake faɗin gaskiya ba. Cikakken samfurin Kanada kuwa sai inda al'umma ɗaya ce ke amfani da asibitin, kuma tana da majalisar da za ta iya tsayar da mai magani ta kuma iya sauke shi.

Ƙaramar hukumar da ba ta da likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya, amma tana da gidajen masu magani da ke cike da majinyata, hanya ta uku ce tata, kuma ita zan zaɓa idan aka ce a zaɓi ɗaya tak. Sai dai a rubuta sharuɗɗa a gaban hakimi kafin a kai ƙwaya ko ɗaya: babu mari, babu bulala, babu hana abinci, ma'aikacin lafiya zai shiga kowane ɗaki a ranar da ya ga dama, kuma mai zazzaɓi ko farfaɗiya ko maijego da ta rikice za a wuce da su asibiti a ranar. Gidan da ya ƙi sharaɗin farko ba abokin haɗin gwiwa ba ne, aikin hukuma ne.

Ƙauyen jinya ya dace da asibitin karkara mai karɓar majinyata daga nesa waɗanda suka wuce matakin tashin hankali amma ba su kai komawa gida ba. Turawa kawai tana da amfani a matsayin matakin fara sanin juna na 'yan watanni, idan har asibiti zai riƙa mayar wa mai maganin da labarin wanda ya turo.

Cibiyar masu shaye-shaye kuwa ta raba aikin gida biyu a jere: makonnin farko a ƙarƙashin likita da nas, watannin da ke biye a hannun malami da maigidan sana'a da iyali, ƙofa a buɗe. Uban da ke neman inda zai kai ɗansa yana iya auna kowane wuri da tambaya uku kafin ya biya kuɗi: ko akwai ma'aikacin lafiya da ke kwana a wurin, ko za a bar shi ya ga ɗansa a duk ranar da ya zo ba tare da sanarwa ba, da kuma ko za a nuna masa ɗakin da yaron zai kwana.